Yadda Na Kai Lantana Birnin Daram

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama, ya sa kwana yana bin kwana. Na zaune ku gyara zama, na tsaye ku nemi wuri. Ni ne Mantau maƙeri, mutumin Baƙin Dutse, kuma abin da zan faɗa muku ban ji shi a bakin kowa ba, da ƙafata na taka shi.

Shekara ashirin da biyu muna tare da matata Lantana. 'Ya'ya uku Allah ya ba mu, ya karɓi abinsa tun suna goye, muka rage mu biyu a gida. Sai wani ƙulli ya fito mata a ƙarƙashin haƙarƙari, da fari kamar ƙwallon goruba. Aka yi sassaƙe, aka yi ƙaho, aka yi hayaƙi, ƙullin yana girma ita tana ramewa. Wani tsohon wanzami ya ja ni bayan zaure ya ce in daina wahalar da ita, ba za ta ga kaka biyu ba.

A kwanakin nan wani falke ya kawo takobi in gyara masa ƙota. Yana zaune a maƙera ya ba ni labarin ƙasashen bayan teku. Ya ce masanan Yunanawa na dā sun ƙare rayuwarsu suna gardama a kan abu biyu: mene ne asalin halitta, kuma shin abubuwa suna sākewa da gaske, ko ido ne ke ruɗin mutum. Suka mutu ba su daidaita ba. Mabiyansu suka watse, kowane ɓangare ya kama ƙasa ya kafa ta a kan maganar malaminsa. A can ƙarshe akwai Birnin Daram, na waɗanda suka ce babu abin da ke sākewa. A cikinsa ba a tsufa, ba a mutuwa, cuta ba ta ci gaba.

Na kai wa Lantana labarin. Ta ce, “Maigida, falken nan ya taɓa ganin wanda ya dawo daga can?”

Na ce, “Wa zai dawo daga inda ba a mutuwa?”

Ta ce, “To, in za ka iya ɗaukata, mu je. Amma ka sani, don kai zan je.”

Na ɗauki akwatin kayan ƙirata, na ɗaura mata gadon kara a kan raƙumi. Muka yi wata biyu a tudu, muka yi kwana arba'in a jirgin ruwa tare da wasu matafiya goma sha ɗaya, har iska ta jefa mu Tsibirin Huɗu.

Tun a gaɓa dogarai suka tara mu suka kai mu wani fili a kan tsauni, inda sarkinsu yake zaune da malamai huɗu. Na farko yana cewa asalin komai ruwa ne, na biyu iska, na uku wuta, na huɗu ƙasa. Sun gaji gardamar daga kakanninsu, kuma da suka kāsa raba ta sai suka mai da ita kan baƙi. Duk baƙon da ya sauka sai an tambaye shi asalin halitta, abin da ya ambata kuma a mai da shi gare shi.

Wani mai sayar da gishiri ne a gabanmu. Ya ga malamin ruwa ne a hannun daman sarki, sai ya ce ruwa. Malamin ya yi murmushi, aka ɗaura wa mutumin dutse a wuya aka tura shi teku. Na bayansa ya ce iska, aka jefo shi daga kan tsaunin. Ni kuwa na ga tawa ta ƙare, domin maƙeri ba abin da zai zo masa sai wuta, kuma ina ganin ramin da suka hura ta.

Lantana tana kwance a gadon karanta. Ta ja gefen rigata ta ce, “Bar ni da su.” Sannan ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta ta ce, “Ranka ya daɗe, amsa ɗaya ce gare ni da maigidana. Asalin halitta tafiya ce.”

Sarki ya ce ta bayyana.

Ta ce, “Ni mai girki ce, abin da na gani a murhu zan faɗa. Ruwa ya tafasa ya zama tururi ya bi iska. Iska ta tara hadari ya sauko, ƙasa ta sha, itace ya fito. Na sare itacen na sa a wuta, ya zama toka, na kwashe na zuba a gona. A cikin huɗun nan ban ga wanda ya zauna ba, kowanne yana kan hanyar zama ɗan'uwansa. In za ku mai da mu ga asalinmu, ku ba mu hanya.”

Malamin wuta ya miƙe ya ce ai wutar da ta ambata ita ce ta yi aikin duka, a ƙone mu. Malamin ruwa ya ce in aka ƙone mu an ba wuta gaskiya ke nan, shi bai yarda ba. Suka kaure da hayaniya, kowanne ya gwammace mu tsira da a ce abokin gardamarsa ya ci. Sarki ya ɗaga hannu ya ce a ba mu kwalekwale a kai mu babban tudu. Amma ya ƙara da cewa amsar da aka riga aka bayar ba a karɓarta sau biyu. Mutum tara ne suka rage a layi. Ina ɗauke da Lantana muna gangarowa na ji an kira na gaba, ban juya ba.

Muka yi kwana ashirin a babban tudu kafin mu iso Kogin Sauyi, wanda ya raba mu da Birnin Daram. Mutanen bakinsa su ne mabiyan wanda ya ce komai gudu yake, ba abin da ke tsayawa. Ba sa gina ɗaki, ba sa sa wa 'ya'yansu suna, don sun ce kafin ka rufe baki wanda ka kira ya zama wani. Ruwan kogin kuwa duk abin da ya taɓa sai ya tsufa nan take. Na ga ɗanyen reshe ya faɗa ciki, kafin ya wuce ni ya zama ruɓaɓɓen itace.

Mai fito wata mace ce doguwa, ƙafafunta duk sun yamutse kamar na 'yar shekara ɗari, fuskarta kuwa ba ta wuce talatin ba. Ta dubi akwatina ta ce, “Kana iya buga ƙusa?”

Na ce sana'ata ce.

Ta ce, “To ni zan tuƙa, kai za ka riƙa sāke katako. Kada ka bar ruwa ya taɓa mai jinya.”

Ta loda katakai a tsakiyar jirgin, muka ɗora Lantana a kansu. Tun ba mu yi nisa ba ƙasan jirgin ya fara baƙi yana laushi. Ina ɓamɓare ruɓaɓɓe ina buga sabo, ina gama wannan wancan ya fara yoyo. Ƙusoshi suna tsatsa suna kakkarye mini a hannu. Daga hantsi har azahar ban miƙe ba. Muna hango ɗaya gaɓar katakai suka ƙare. Na fasa akwatin kayana na buga. Na ɗaga Lantana na zaunar da ita a kafaɗar jirgi, na karya gadon karan na cusa. Da ya rage kamar taki hamsin wani rami ya buɗe daidai ƙarƙashin ƙafarta, kuma ba sauran abin toshewa. Na danna tafin hannuna na hagu a kai.

Ba zafi na ji ba, sanyi ne, kamar ana zare mini jijiya ɗaya bayan ɗaya. Da muka taɓa ƙasa na ɗago hannun, ya zama na tsoho tukuf: fata ta saki, yatsu sun lanƙwashe, ko awartaki ba zai ƙara riƙewa ba. Lantana ta riƙe shi a cinyarta.

Mai fiton ta dubi jirginta, babu katako ɗaya a jikinsa da ya baro wancan gaɓa. Ta ce mini, “Kai baƙo, a jirgin nan ka shiga, ko a wani?”

Na ce, “Ban sani ba. Na dai san matar da na shiga da ita ita na fito da ita.”

Ta ce, “Haka kowa ke cewa.” Ta juya tana neman katako.

Kwana uku na goyi Lantana har muka ga ganuwar Birnin Daram, fara fat, ba tsaga ba ciyawa. Sarkin Ƙofa ya leƙo ta wata taga ya yi mana gargaɗi. Ya ce yadda mutum ya shigo haka zai dawwama: mai yunwa da yunwarsa, mai ciwo da ciwonsa. Mu ci mu ƙoshi, mu jira sa'ar da jikinta ya fi sauƙi. Kuma wanda ya shiga ba ya fita. Muka yi kwana shida a gindin wata tsamiya muna jira. A rana ta bakwai ta sha kunu ya zauna, har ta yi mini dariya don na ƙona shi. Na buga ƙofa. Sarkin Ƙofa ya buɗe, ya tsaya daga ciki, ya miƙo hannunsa na dama ya ja mu ɗaya bayan ɗaya.

Lantana ta dafa haƙarƙarinta ta ce, “Ya tsaya. Kamar an ɗora mini yatsa ne kawai.” Na durƙusa a wurin na yi kuka.

A birnin rana tana tsaye a hantsi, ba ta gaba ba ta baya. Ba iska, ba tsuntsu. Wuta tana nan a murhu kamar jan ƙyalle, ba ta cin itace ba ta dafa komai. Ba a jin sabuwar yunwa, ba a ci, ba a barci. Mutane suna zazzaune a ƙofar gidaje, ido buɗe, hira ta ƙare musu tun tuni. An haramta kalmomi huɗu: jiya, gobe, ɗazu, da an jima. Wanda ya furta ɗaya sai a ɗaure shi a gine shi cikin ganuwa, kuma da yake ba a mutuwa, in ka bi ta gefenta za ka ji su suna kira daga cikin dutse.

Shehin birnin yana zama a dandali yana maimaita karatu ɗaya: “Abin da yake, yana nan. Abin da babu, babu shi. Ta ina abin da yake zai zama babu, ta ina babu za ta haifi wani abu? Saboda haka ba haihuwa, ba mutuwa, ba tafiya. Ido ne maƙaryaci.”

Na taɓa ce masa, “Allah gafarta malam, in ba tafiya, ni yaya aka yi na zo nan?”

Ya ce, “Ba ka zo ba. Kana nan.” Dogarai biyu suka matso da igiya a hannu, na ja da baya na bar dandalin.

Ban san tsawon zamanmu ba, don ba abin da za a ƙirga da shi. A gidan da ke jikin namu akwai wani nishi da ba ya yankewa. Lantana ta shiga ta duba, ta tarar da wata yarinyar mace mai suna Ayashe a durƙushe, ta riƙe turmi, tana naƙuda. Haihuwa ce ta zo mata da gardama a hanya, mijinta ya tsorata ya shigo da ita a guje bai saurari Sarkin Ƙofa ba. Tun ranar tana kan gwiwa, ciwon bai ƙaru ba bai ragu ba. Mijin kuwa yana lallashinta ne ya ce, “Yi haƙuri, gobe za ki sauka,” wani ya ji, aka gine shi. Ba ta ma san ta wane gefen ganuwa yake ba.

Lantana ta koma zama wurinta, tana riƙe mata ƙugu. Da ta dawo sai ta zauna kusa da ni ta ce, “Maigida, fitar da ni.”

Na ce, “Kin san abin da ke jiranki a waje.”

“Na sani.”

Na ɗaga mata hannuna na hagu na ce, “Wannan fa? Mutanen da muka bari a tsibiri fa? Duk a banza?”

Ta kama hannun ta ce, “Ban raina ba, Allah ya sani. Amma ka ajiye ni ne kamar hatsi a rumbu. Ina son in ji yunwa in ci. Ina son barci, Maigida, ko na rana ɗaya ne. Yarinyar nan kuma akwai ɗa a cikinta da bai taɓa shan iska ba. Uku na binne, ban iya zama ina jin wannan.”

Na yi fushi na fita. Na zaga birnin sau nawa ban sani ba, ganuwa tana kira ta dama, mutane suna kallona ta hagu. Da na dawo na same ta yadda na bar ta, ko gashin kanta bai motsa ba. Na ce mata to.

Abin da ke tsare mutane ba ƙofar ba ce kawai. Shehi ya koya musu cewa duk wanda ya taka waje, zamanin da ya wuce shi zai faɗo masa gaba ɗaya ya zama ƙura. In haka ne, Ayashe ba za ta yi taki biyu ba. Na koma zama kusa da ƙofa ina tunani. Tun abin da ya same ni a kogi na zama mai kallon hannun mutane, sai idona ya faɗa kan na Sarkin Ƙofa. Faratan hannunsa na hagu gajeru ne, an yanke su tsaf. Na dama, wanda yake miƙawa waje ya jawo baƙi, sun yi tsawo kaɗan, kuma akwai wani ƙwarzane a bayan hannun da ya warke ya bar tabo. Hannun ya sha fita bai zama ƙura ba. Iyakar ɗan lokacin da ya yi a waje shi kaɗai ya ci.

Na gaya wa matan biyu. Ayashe ta ce cikin nishi, “Baba, ko ƙura ce na yarda.”

Muka jira har aka buga ƙofa. Na goyi Ayashe na ɗaure ta da zanen Lantana, muka bi gefen gidaje. Wani tsohon attajiri ne ya iso, bayi huɗu suna ɗauke da shi. Sarkin Ƙofa ya buɗe ya miƙa hannu. Dogarai suka hango mu suka taso da igiyoyi. Na cafki wuyan hannunsa da hannuna mai lafiya, na faɗa waje da dukan nauyina da na Ayashe, na fizgo shi ya biyo mu. Lantana ta bi ta gefensa ta fito.

Dogaran suka ja birki a bakin ƙofa, ba wanda ya yarda yatsansa ya wuce. Sarkin Ƙofa yana kwance a rairayi, ya rufe fuska yana jiran ya watse. Na ce masa, “Tashi, ba ka mutu ba. Ƙarya aka yi muku.”

Ya buɗe ido. A waje la'asar ce, iska tana kaɗa ganyen tsamiya. Ya dubi rana, ya ga ta karkata. Ya rarrafa da gwiwa ya koma ciki.

Lantana ta ce wa attajirin, “Baba, kafin ka shiga tambaye su ko ana barci a ciki.” Ya dube ta sama da ƙasa, ya yi wa bayinsa alama su wuce. Aka rufe ƙofa a bayansu.

Ayashe ba ta zama ƙura ba. Ciwonta ya taso da gaske, ta yi ƙara irin wadda ban ji ba duk zamanmu a birnin. Na sauke ta a gindin tsamiya na koma nesa na juya baya. Kafin rana ta faɗi na ji kukan jariri. Lantana ta kira ni in kawo wuƙa a yanke cibi. Mace ce. Lantana tana riƙe da ita, jini har gwiwar hannu, tana dariya tana haki.

Bayan nan Lantana ta kwanta ta yi barci yini biyu cur. Da ta farka ta ce yunwa take ji, na dama mata kunu ta shanye. A rana ta uku ciwon ya dawo, kuma ya fi dā. Ba ta ce in mai da ita ba, ni ne na faɗa, sau biyu. Ta ce in na ƙara za ta daina yi mini magana.

Ran suna Ayashe ta ce za ta sa wa yarinyar Lantana. Lantana ta ce, “A'a, ki ba ta nata. Nawa ban gama da shi ba.” Aka sa mata Hansai. Ni na yi huɗuba, ba rago ba taro.

Rana ta tara da fitowarmu Lantana ta ce in shimfiɗa mata a waje. Inuwar tsamiya tana gusawa, rana ta taɓa mata ƙafa, ta ce, “Maigida, ja ni.” Na ja tabarmar. Da azahar ta sāke cewa in ja ta, na ja. Ta tambayi ko Hansai ta sha nono, aka ce ta sha. Can na ga rana ta hau mata ƙafa, ta kai gwiwa, ta kai ƙirji. Na zauna ina jira ta ce in ja ta.

Ayashe ce ta zo ta rufe mata ido. Ƙasar wurin tana da tauri, ni kuma hannu ɗaya gare ni. Na riƙa sara da guntun ƙarfe, Ayashe tana kwashe ƙasar da sakaina, 'yarta a baya tana kuka. Sai da muka kai washegari da hantsi kafin ramin ya isa.